Bakwai Bai Yi Magana Ba

Litinin, 4 ga Agusta, bayan Azahar

Littafin nan na awon sigina ne, amma tun Alhamis ban auna komai ba. Gara in zuba masa abin da ba zan iya faɗa wa Zuwaira a waya ba. Tana can Misau tana zaton mijinta aikin ofis yake yi. Wata takwas ina Yelwan Yauri, kifi da safe kifi da yamma kamar kyanwa, ni da ko iyo ban iya ba.

Mamuda ya tafi ranar Alhamis zai canja batirin eriyarmu ta sama da Shanga, wadda ke ƙetaren kogi, kusa da ƙauyen da 'yan bindiga suka watsa bara. Shi ne abokin aikina, ɗan masuntan garin nan da ya karanci kwamfuta. Ranar Asabar aka ga jirginsa. Ba kifewa ya yi ba. A ɗaure yake a gindin giyayya, ɗauri mai kyau irin nasa. Babu inji. Hularsa na ciki.

Wakili, mai riƙe da al'amuran masunta a bakin ruwa, ya juya hular ya ce, "Wanga ba aikin ruwa ba na." Bai ƙara ba, ba kuma wanda ya nemi ya ƙara.

Da kwaɗo mai lamba bakwai, 'yar na'urarmu ta kiran ceto, ya tafi a aljihu. Bakwai bai yi magana ba.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Na je gaida mahaifiyarsa, Inna Hasiya. Na same ta tana gyaran kifi a bakin banda kamar ba abin da ya faru. Ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. "Mai jirgi" take ce masa.

Ta ce, "Ɗan Misau, wanga kwaɗon naku, in an danna shi, wa ka ji?"

Masunta ne suka sa wa 'yar na'urar wannan suna saboda kukanta. Na yi mata bayani: masunci ya danna, saƙo ya yi tsalle daga kwaɗon wannan jirgi zuwa na wancan har ya kai eriya, eriya ta miƙa wa intanet, ya faɗo a kwamfutata da wayar Wakili, a tura jirgin ceto. Eriya uku gare mu, ta Yelwa, ta Wara can Ngaski, da ta Shanga.

"Ko mutum shina daji?"

"In dai da eriya kusa, Inna."

"To ka zan saurare." Ta ci gaba da tsaga kifinta. Ta hana ni tafiya sai da na ci tuwon shinkafa. Na ga wani kwano a rufe a gefe, ban tambaya ba.

Laraba, 6 ga Agusta, La'asar

Oga Benjamin, shugaban aikinmu, ya kira daga Abuja. Ya yi jaje, kuma da gaske yake, muryarsa ta nuna. Can sai ya ce, "Malam Haliru, saura suna fa. Furotokol ɗinmu ba shi da suna har yau."

Na san za a zo nan. Ƙa'idar da kwaɗi da eriya ke magana da ita, ni da Mamuda muka rubuta ta. Kowane saƙo yana farawa da haruffa huɗu, sunan ƙa'idar ke nan, kamar sallama a ƙofar gida. Eriya ta ji haruffan ta buɗe. In ba su ba ne ta zubar, ta ɗauka hayaniya ce. Da muka fara, Mamuda ya buga GWAJ, wato gwaji, ya ce, "A bar shi hakanan sai ranar suna." Kwaɗi bakwai na gwaji duk da shi suke sallama.

Yanzu ga sababbi ɗari biyu a kwali a ɗakina, ba a raba su sai an zuba musu sunan gaske. Ni ne mai cike fom. Da na aika suna, Abuja za ta tura wa eriya uku, su daina jin GWAJ.

Su daina jin bakwai.

Na ce wa Benjamin sai na shawarci masu ruwa. Ya ce daidai ne. Ya yarda da ni, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Alhamis, 7 ga Agusta, Magariba

Mako guda. Bakwai bai yi magana ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Na tara dattawan masunta a rumfar Wakili, na karanta musu sunayen da Abuja ta aiko. Duk baƙaƙen farko ne na dogayen kalmomin Turanci. Na ce KLRP. Wakili ya ce, "Injiniya, suna na ko tari?" Na ce KFMP, wani tsoho ya ce in ya faɗi wannan a tsakiyar ruwa haƙorinsa na ƙarshe zai faɗa. Aka yi dariya, ta farko da na ji a bakin ruwa tun Asabar. Nan da nan ta mutu.

Na faɗa musu sharuɗɗa: haruffa huɗu, wanda baki zai iya faɗa, wanda wani bai riga ya yi rajistarsa ba a duniya. Wani ya ce a sa YAUR. Mutumin Wara ya miƙe tsaye, ya ce ruwan na gadon Yauri ne su kaɗai? Na Shanga ya ce su da ruwan ke fara wucewa ta ƙofarsu fa? Aka tashi baram-baram.

Na dawo ina murna. Allah ya yafe mini, ni na zuga na Wara tun kafin a zauna.

Lahadi, 10 ga Agusta, da rana

Mai shayin kasuwar kifi ya ce wasu mutum biyu sun tambayi inda injiniyan eriya ke kwana. Ba 'yan gari ba ne. Ya ce musu bai sani ba. Wataƙila masu neman aiki ne. Wataƙila.

Na ɗauke babur daga ƙofa na kai gidan maƙwabci. Zuwaira ta kira, na ce mata mura ce ta shaƙe mini murya.

Ina zaune tsakanin kwalaye ina kallon allon kwamfuta. In na shiga wanka da ita nake zuwa, in ajiye a kan bulo.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe tara da minti goma sha huɗu na safe

Ya yi magana.

Rabin saƙo ne, ta eriyar Shanga, can ƙarshen jinta. GWAJ, sai lamba bakwai, sai ya yanke. Bai nuna wuri ba. Na rubuta lokacin sau uku.

Ranar dai, bayan Azahar

Na ruga wurin Wakili, na tarar ya gani a wayarsa. Bai yi murna ba. Ya ja ni bayan rumfa.

"Wa ad danna?"

"Mamuda mana."

"Ka gane shi? Kwaɗo ba shi san hannun mai shi ba, Injiniya. In waɗancan sun ka gane abin da shika yi, dannawa guda ta isa ta kawo musu jirgi da inji da mutum huɗu."

Na ce to a zauna ke nan? Ya ce ya sanar da masu tsaro, sun rubuta. Ya ce kar in gaya wa Inna. Na yi masa tsawa har mutane suka juyo, dattijo sa'an ubana. Gaskiya ya faɗa. Gobe zan je in ba shi haƙuri.

Ban gaya wa Inna ba.

Laraba, 13 ga Agusta, Azahar

Ba komai. Na je na ba da haƙuri.

Juma'a, 15 ga Agusta, La'asar

Benjamin ya ce ya samo mafita, tunda garuruwa sun kasa shiryawa. A sa MUDA. "Don tunawa da shi, Malam Haliru. Duk saƙon ceto a tafkin nan da sunansa zai fara. Ba wanda zai ƙi."

Don tunawa. Na ce masa wa ya kawo maka gawa? Na ce ku mutanen Abuja kuna binne mutum da takarda. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya bar ni na gama.

Sai ya ce, "Na san abin da kake yi. Tun Larabar da na fara kiranka na sani." Na roƙe shi a bar GWAJ ya zama sunan, ko a bar eriya ta riƙa jin suna biyu. Ya ce, "Lamba uku fa?"

Uku aka sace a watan Yuni, har yau ba mu san a hannun wa yake ba. Sau biyu yana kiran ƙarya. Na biyun jirgin ceto ya fita cikin iska, da ƙyar suka dawo. Muddin eriya na jin GWAJ tana jin uku, kuma ba mai yarda ya hau jirgin ceto a kan kiran da ba a san na wa ba ne. Ni da kaina na rubuta rahoton cewa a rufe tsohon suna ranar da aka raɗa sabo. Da sa hannuna. Mamuda ne ya gyara mini Turancin.

Benjamin ba mugu ba ne. Da mugu ne da na samu sauƙi.

Asabar, 16 ga Agusta, da safe

Benjamin ya kawo sunan KIFI. Na aika masa cewa wani ya riga ya yi rajistarsa. Ban ma duba ba.

Litinin, 18 ga Agusta, Magariba

Hadari ya taso daga gabas da La'asar, iska ta kwashe rufin rumfuna a kasuwa. Jirgi ya kife gaban Wara. Mutum shida ne, biyu suka tsira. Sun ce sun fi awa biyu suna riƙe da jirgin su duka, ana hango fitilun gari. Eriyar Wara na tsaye a kansu lafiya lau.

Ba su da kwaɗo. Kwaɗinsu na nan, ina jingine da kwalin.

Talata, 19 ga Agusta, da hantsi

Wakili ya zo ɗakina, bai taɓa zuwa ba. Ya ƙi tabarma. Ya tsaya yana kallon kwalayen, ya buɗe ɗaya, ya ɗauki kwaɗo ya juya shi a hannu ya mayar.

"Guda cikin huɗun ɗan ƙanwata na," ya ce. "Ba ni ce kai ka kashe shi ba. Ruwa na, da ƙarar kwana." Ya kai ƙofa ya juyo. "Mai jirgi ni na yi mashi huɗuba ran da an ka haife shi. Kar ka aza kai ɗai ka sonai."

Ban ci abinci ba. Bakwai bai yi magana ba. Kwana bakwai ke nan tun rabin saƙon.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan La'asar

Na je na gaya wa Inna komai. Haruffa huɗu, eriya, rabin saƙon da na ɓoye mata, mutanen Wara, har da zugar da na yi. Ina so ta zage ni. Ina so wani ya ɗauke mini.

Ta daɗe tana juya kifi a kan banda. Kwanon nan na rufe a wurinsa.

"An ce za ku sa sunanai."

"Na ƙi, Inna."

"Ka kyauta. Gidan ga ba mu gadon sunan wanda ba mu wanke ba." Ta goge hannu a zane. "Amma ku raɗa ma abin ga suna. Jariri ba shi wuce kwana bakwai, naku ya yi wata nawa? Ɗiyan mutane na bisa ruwa."

Na ce in na raɗa, ko ya danna ba mai ji.

"Kai ɗai ka da kunne? Allah shina ji." Can ta ce, "Ba wani kwaɗo tsoho da ya rage?"

Akwai. Lamba ɗaya, nawa. Kwaɗo na jin ɗan'uwansa ba tare da eriya ba, amma in bai wuce kilomita uku ba. Na ce mata wannan ba komai ba ne, Shanga ina, Yelwa ina.

"Kawo min shi," ta ce. "In ya kawo kusa, ni ji."

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe huɗu da rabi

Na cike fom. KIRA. Ba na Yauri ba, ba na Ngaski ba, ba na Shanga ba, tsoho mai haƙori ɗaya ma zai iya faɗa. Na duba rajistarmu, wannan karon da gaske, babu mai shi. Benjamin ya nemo kalmomin Turanci huɗu ya cusa a bayan haruffan don masu ba da tallafi. Bai ce ya ji daɗi ba, ya ce, "Sannu, Malam Haliru."

Kafin in danna aikawa na zauna minti ashirin ina kallon allo, ko zai yi magana. Eriyar Wara ce ta fara juyawa, sai ta Yelwa. Ta Shanga ta ɗan jinkirta, har na fara addu'ar ta ƙi. Ƙarfe huɗu da minti shida ta karɓa.

Na ɗaura wayar ƙarfe a dogon gora a kan katangar Inna, na haɗa da lamba ɗaya, na nuna mata yadda za ta sa shi a rana ya ci caji. Ta rataye shi a wuya kamar laya.

Asabar, 23 ga Agusta, Magariba

Mun raba ɗari da arba'in. Ɗakina ya yi faɗi. Na kasa zama a ciki.

Litinin, 25 ga Agusta, Azahar

Kira na farko da sabon suna. Injin wani jirgi ya mutu tsakanin tsibirai, da mata da buhunan gero, ruwa na shiga. Minti talatin da biyar jirgin ceto ya kai. Mutum tara, ba wanda ya rasa ko takalmi. Wakili ya riƙe hannuna a bakin ruwa ya daɗe bai saki ba.

Ya kamata in yi murna. Na yi, kaɗan. Har yanzu idona kan sauka a layin bakwai, ko da yake na san ba abin da zai ƙara fitowa a wurin.

Talata, 26 ga Agusta, da safe

Zuwaira ta ce in dawo gida. Ta ji labari a bakin wani direba. Na ce bayan damina.

Laraba, 27 ga Agusta, La'asar

Na leƙa Inna. Lamba ɗaya na kan turmi yana shan rana, ita tana gefensa tana tsintar shinkafa.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan Azahar

Ina rubutu a tsaye.

Da hantsi ina gidan ina gyara goran da iska ta karkata, sai abin ya yi kuka a ƙirjinta. Na diro. Lamba bakwai. Ya sake, ya sake. Kilomita uku, ko ƙasa da haka.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne mutum biyun da suka tambayi inda nake kwana. Na ce, "Inna, tsaya, ba mu san hannun wa ba ne. A kira Wakili, a kira masu tsaro."

Ba ta ji ni ba. Ta fita ba mayafi, ba takalmi, tsohuwar da ke dafa bango in za ta tashi. Na bi ta. Ta kai bakin ruwa ta shiga har gwiwa, ta buɗe baki a gaban masunta da masu kifi da kowa:

"Mamuda! Mamuda!"

Kasuwar ta yi tsit. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta.

Wakili ya tura jirgi uku. Na shiga ɗaya, ni da ban iya iyo ba. A cikin ciyawar ruwa muka ga wani ruɓaɓɓen kwalekwale, rabinsa ruwa, ba matuƙi. Mamuda na kwance a ciki. Babban yatsansa na kan maɓallin.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan La'asar

Likita ya ce ƙafafun za su warke. Mamuda ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Bai faɗi inda ya kasance ba, ba wanda ya tambaya. In an rufe ƙofa da ƙarfi sai ya dafe kai. Inna ta koma "Mai jirgi", ta ce ita ba ta tuna ta kira kowa ba. Ta kawo kwanon nan, ya ci loma uku.

Da aka ragu ya yafito ni. Muryarsa sai na sunkuya.

"Oga Haliru, eriyar Shanga ta lalace. A tura wani ya duba."

Ya ci gaba.

"Ran Juma'a da asuba na kai gindinta. Kwana uku ina kwance cikin ciyawa, ina ganin fitilarta na ƙiftawa. Na danna har yatsana ya fashe. Na ce ko batirin da ban canja ba ne." Ya yi ɗan murmushi. "Na ce Oga zai kashe ni."

Ranar Juma'a. Alhamis ƙarfe huɗu da minti shida ta karɓa.

Zan iya cewa batir ne. Shi da kansa ya miƙo mini ƙaryar, Inna na waje, Wakili ba zai taɓa tona ni ba. Na ce, "Ba ta lalace ba, Mamuda. Mun raɗa suna. Ni na aika, ranar Alhamis."

Ya san abin da hakan ke nufi fiye da kowa, shi ya rubuta layin da ke zubar da baƙon saƙo. Ya daɗe yana kallon silin. Na so in ba shi labarin mutanen Wara, da mutum taran ranar Litinin. Amma gara wani ya faɗa masa, ba ni ba.

"Wane suna?"

"KIRA."

Ya maimaita a hankali, kamar yana ɗanɗanawa. Ya zaro bakwai daga ƙarƙashin matashi ya sa mini a hannu, maɓallin duk busasshen jini.

"Suna mai kyau," ya ce. "Allah shi raya."

Ya juya fuskarsa bango.